Yayana Mai Allurar Shanu da Garken da Ya Bari

Wanda ya ba mu aron Yaya ya karɓi abinsa a ƙarshen daminar bana, wata Talata da hantsi. Daga gare Shi muke, kuma can za mu koma, da mai gaggawa da mai jan ƙafa.

Na halarci jana'iza da yawa a Wudil, amma ban taɓa ganin wadda masu malafa da sanda suka rinjayi masu babbar riga ba sai tasa. Tun kafin a gama yi masa wanka Fulani suka fara sauka, wasu a kan babur, wasu a ƙafa daga wajen Utai da Indabo, taɓo har ƙauri. Ba su da dogon zance a wurin makoki. Mutum zai durƙusa ya ce, "Ashe Dokta ya tafi," ya koma gefe ya dogara da sandarsa. Dokta suke ce masa, ko da yake kullum sai ya gyara musu, ya ce shi ma'aikacin allurar dabbobi ne, likitoci daban suke.

Wata tsohuwa mai tallan nono ta sauke ƙwaryarta a ƙofar gida, ta ƙi shiga wajen mata. Ta tsaya tana faɗa wa duk wanda ya wuce cewa saniyar da take tatsa yau jinin wadda ya ceto mata ce. Mahauta sun zo a ƙungiya. Babbansu, wanda Yaya ya sha sa shi ya binne nama, ya riƙe hannuna ya ce, "Ya hana mu ci ba sau ɗaya ba, amma ko tsoka bai taɓa karɓa a hannunmu ba." Abokan sana'ata, dillalan Kara, kasuwar shanun garinmu da ke ci ranar Juma'a, su ma sun zo suka zauna a bakin tabarma. Na ji ɗaya yana raɗa wa na kusa da shi, "To, yanzu Juma'a za ta sha iska." Ban juya ba. Da a shekarun baya ne, daga bakina wannan maganar za ta fito.

Duk wannan ana yi, a bayan gida shanunsa na turke suna tsaye yawu na dalala daga bakinsu, suna ɗaga ƙafa ɗaya su ajiye su ɗaga ɗaya, kamar masu taka garwashi. Boru ne, ciwon nan na baki da kofato. Yaya ne ya fara gane shi, tun kafin ya rasu. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ya riga ya kwantar da shi, maganarsa ta yi nauyi, amma da safe daga kan gadonsa ya ji yadda wata saniya ke tanɗar baki, ya sa aka kira ni. Ya kama wuyan hannuna da hannun da ya rage masa mai motsi. Matarsa tana zaune a gefen ƙafarsa.

"Kada a kawo," in ji shi. "Kada a fitar."

Na gane abin da yake nufi. Shanun da ke gida kaɗan ne. Yawancin garkensa yana hannun Arɗo, tsohon amininsa, a rugarsu ta bayan Utai. Al'adarmu kuwa, idan mai dukiya ya rasu, duk wanda ke riƙe da dabbarsa yakan koro ta ƙofar gida, magada su gani a gaban shaidu, sannan a raba. Yaya ya san mutuwarsa ta kusa, ya kuma san abin da za ta jawo: lafiyayyu za su zo su gauraya da marasa lafiya, sannan a watse da su gari-gari. Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe da na fahimta sosai. Ni ya ɗora wa, kuma bai zaɓi mutumin da ya dace ba.

Ni ƙaninsa ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shi ya ci gaba da makaranta, ni na gudu daga firamare na bi kawunmu Kara, na tsufa ina dillancin shanu. Karatuna bai wuce in haɗa baƙi in rubuta abin da ke cikina ba, saboda haka mai karatu ya yi mini uzuri. Na rubuta ne don kada a manta da shi, don na ga yadda ƙasa ke saurin cinye sunan mutum bayan ta cinye jikinsa.

Halinsa da ya fi ba mutane haushi shi ne, in ya shiga ruga sai ya gaisa da shanu kafin masu su. Ka taso da fara'a ka miƙa hannu, shi kuwa idonsa na kan kofaton wata karsana. Sai ya gama zagaye garke sannan ya dawo ya yi sallama kamar yanzu ya iso, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, har da gajiya da ruwa da sauro. In an yi ƙorafi ya ce, "Kai in na tambaye ka lafiya, lau za ka ce ko kana mutuwa. Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba."

Ba ya barin ruga sai ya zauna a kan turmi ya cire takalmin robarsa ya wanke shi tas da ruwan toka da sabulu, har cikin tsagar ƙasansa. Matan ruga su yi ta dariya, su ce Dokta ɗan birni ne, yana ƙyamar kashin shanu amma ba ya ƙyamar kindirmo. Ya ce da su, "Cuta gurguwa ce, ba ta iya zuwa ko'ina. Mu ne jakunanta."

Sai kuma kular nan tasa ta ƙanƙara, wadda yake ɗaure wa a bayan keke, daga baya babur, ya lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu. A ciki maganin rigakafi yake, wanda zafi ke kashewa. Ko ƙishirwa za ta kar shi ba ya ɗaukar ƙanƙara ɗaya ya sa a baki. Wata rana a Indabo an tara masa shanu tun safe, an hana su kiwo, taya ta fashe masa a hanya, bai iso ba sai bayan azahar. Ya buɗe kula, ya tsoma yatsa, ya ji ruwan ya yi ɗumi. Ya rufe, ya ce kowa ya kora nasa, sai wata rana. Saura ƙiris a doke shi. Wani ya ce, "Ka tsira musu hakanan mana, wa ya sani?" Ya ce, "Ni na sani. In na tsira musu ruwan banza kuka tafi da cewa an yi musu rigakafi, ranar da cuta ta zo ni na yanka su."

Amincinsa da Arɗo ya samo asali ne daga shekarar bushiya. Yaran yanzu ba su san bushiya ba, kuma Allah ya sa kada su sani. Saniya takan kama zawo, idonta ya yi ta ruwa, bakinta ya ruɓe, kafin ka gama jimamin ɗaya goma sun faɗi. Ungulu sun ƙoshi har sun kasa tashi. Na san mutanen da suka kwana da garke suka wayi gari da igiya, wasu suka shiga daji ba a sake ganinsu da hankali ba. Arɗo yana cikin waɗanda suka ɓoye shanunsu a fadama lokacin da masu allura suka zo, don yana tsammanin ƙirga su za a yi saboda jangali, kuma ba ya son a huda musu kunne, alamar da ake yi wa wadda aka yi wa rigakafi. Bushiya ta same su a maɓoyarsu ta share. Yaya ya tarar da shi zaune a tsakiyar gawarwaki yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya. Bai ce masa ai na faɗa maka ba. Ya koma gida ya kwance karsanar da ya saya da albashinsa na farko, ya ja ta har rugar, ya ce, "Riƙe mini, ni ba ni da lokacin kiwo." Ya bar masa nono da rabin abin da ta haifa. Daga wannan karsanar garken Arɗo ya sake tashi, daga ita kuma garken Yaya ya fito.

Ranar da aka faɗa a rediyo cewa an kawar da bushiya daga duniya baki ɗaya, ya riga ya yi ritaya. Matarsa ta ce ta shigo ta same shi rungume da rediyon yana hawaye. Ya ce mata, "Kin ji? Har da jinin shanun Utai a cikin shaidar." Don shi ya yi shekaru yana bi ruga-ruga da masu bincike, ana ɗiban jini ana kai wa ɗakin gwaji don a tabbatar cutar ba ta ɓuya a ko'ina ba.

Faɗanmu da shi duk Wudil an sani, ba sabon labari ba ne. An taɓa tura shi kwas can wajen Jos, inda ake binciken cututtukan dabbobi da haɗa rigakafi. Da ya dawo muna zaune a zauren mahaifiyarmu bayan la'asar yana ba mu labari. Ya ce a can har aladu ake dubawa, don boru na kama su, kuma su suka fi shanu fesa shi a iska. Ya ce akwai wani zazzaɓi nasu da ba shi da rigakafi, wanda ke share gida guda. Ya ce ya riƙe alade da hannunsa an ɗebi jininsa, kuma ya ga mai su yana kuka. "Kukan mai alade da kukan mai shanu," in ji shi, "ban ji bambanci ba." A makon ne ya hana wasu shanu da nake dillanci shiga Kara. Na ɗauki maganar zaure na kai kasuwa. Kafin wata Juma'ar ta zagayo, zancen ya zama wai da alade a cikin allurar. Rugage da yawa suka kore shi, damina ta wuce, wata daminar ma ta wuce, ba su bari ya taɓa musu dabba ba. Waɗanda suka mutu a wannan tsakanin, Allah kaɗai ya san yawansu.

Mahaifiyarmu ta sa na durƙusa a gabansa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Tashi, gwiwarka za ta yi datti. Ni ka bar ni, je ka gaya wa Fulani." Na je na gaya wa wasu. Ƙarya ta riga ni nisa.

Ba wannan kaɗai ba. An san ni da iya gyara saniya mai boru: a wanke mata baki da ruwan kanwa da asuba, a goge yawun, a shafe kofato da taɓo, a tsayar da ita cikin tsakiyar 'yan'uwanta inda ba za a sa ta tafiya ba, a sallama da wuri. Har suna aka sa mini a Kara, Mai Wankin Baki, kuma a lokacin daɗin sunan nake ji. Na bari tun da daɗewa. Sunan bai bar ni ba.

A shekarunsa na ƙarshe wata likitar dabbobi mai bincike a kan boru ta riƙa zuwa wurinsa, sa'ar 'yarsa ce, tana ce masa Baba. Shi ke kai ta rugage, don in ba da shi ba babu mai buɗe mata bakin saniya. Ita ta koya masa abin da ya riƙa maimaitawa kamar ɗalibin da ya samu sabon karatu: ashe boru ba ɗaya ba ne, dangi ne masu suna ɗaya fuska daban-daban, rigakafin wannan bai san wancan ba. Shi ya sa sai an yanki fatar ƙurjin harshe tun yana ɗanye, a sa a kwalba cikin ƙanƙara, a kai a gano wane ne ya shigo ƙasa, kafin a san maganin da za a haɗa. "Shekara da shekaru ina mamakin abin da ya sa wata allurar ke ci wata ba ta ci," in ji shi, "sai ga yarinya ta warware mini." Da tsufansa yana riƙe harshen saniya, yana yi wa mai ita faɗa ya danne wuya da kyau.

To, wannan shi ne mutumin. Ga abin da muka yi masa bayan ya tafi.

Babban ɗansa ma'aikaci ne a Kano, bai iso ba sai da rai ya yi halinsa. Yaro ne mai ladabi, kuma nauyin ƙannensa duka yanzu a kansa yake. Bayan sadakar bakwai ya tara mu a zaure, da liman da surukan gidan.

"Baffa," in ji shi, "ni ban ce a raba yau ba. A kawo su dai mu gani da idonmu a gaban shaidu, kowa ya san abin da mahaifinmu ya bari."

"Ɗana, babanka ya ce kada a kawo. Boru na bayan gidan nan, je ka duba."

"Na gani. Wa ya faɗa wa?"

"Ni da mahaifiyarka."

"Umma hankalinta ba ya jikinta yanzu. Kai kuma, Baffa..." Ya sunkuyar da kai, bai ƙarasa ba.

Wani daga cikin surukan ya ƙarasa masa, yana kallon rufi. "Shanun da ba a gani ba, in an jima sai a ji wai maciji ya sari wance, wance ta faɗa rijiya. Dillali da Bafulatani in suka haɗa baki, sai Allah."

Liman ya tsawata masa. Ya ce jinkirta rabo don guje wa cuta ba laifi ba ne a shari'a, kuma shi da za a bi tasa da an jira. Amma ya ce dukiya ta magada ce, ba shi da ikon hana su ganin abinsu. Kowa ya juyo yana dubana. Gaskiya ce tsantsa a bakina a ranar, amma bakin ne aka sani.

Na shiga ciki na tsaya a bakin ƙofar ɗakin da matar Yaya ke takaba. Ta yi magana ta bayan labule.

"Malam Ƙarami, na ji abin da aka yanke. Ka hana su. A gabanka ya faɗa."

"Hajiya, na faɗa. Ke ki kira ɗanki."

"Na kira shi. Ya ce kai ka sa mini maganar a baki."

Washegari na hau babur na haya har rugar Arɗo. Na same shi a gindin tsamiya yana tufkar igiya. Na ce masa ko an aiko kada ya koro su, ya ce ƙafarsa ke ciwo, ya ce rafi ya cika, ya faɗi duk abin da ya ga dama.

Ya dube ni ya yi murmushi, ya kira ni da sunan da Fulani ke tsokanar Bahaushe da shi. "Kaɗo, da tsufana za ka koya mini rashin kunya? Ɗan mamaci ya aiko a kawo amanar ubansa. In na ce sai an jima, me za a ce a Wudil? A ce Dokta bai gama sanyi a kabari ba Arɗo ya fara lissafin cin shanunsa?"

"Su faɗa mana. Magana ba ta kashe maraƙi."

"Kai ka saba da a faɗa, ni ban saba ba." Ya ci gaba da tufka. "Kuma boru baƙo ne, ya zo ya sha nono ya wuce. Ba bushiya ba ne. Bara ma Dokta da kansa ya yi musu allura."

Ya koro su. Har da wasu nasa da suka ƙi rabuwa da garken suka biyo. Na tsaya a bakin hanya ina cewa aƙalla a tsayar da su a fili nesa da gida, amma shaidu suna zaune a inuwar ƙofar gida, ba a tashi dattawa a kai su rana. Rana ta take, shanu suka ji ƙishirwa, aka ɗebo musu ruwa a komin da na gida suke sha. Ina kallo wata farar saniya ta tsoma baki inda yawun maras lafiya ke yawo a saman ruwa. Da aka ga kowa ya hallara, sai aka ce tun da an taru a raba kawai a huta. Aka raba. Babban ɗan ya ɗaure rabonsa a wani kango a cikin gari. Rabon mata da na ƙananan aka mayar wa Arɗo ya ci gaba da kiwo. Da yamma ya kora su gida, mutuncinsa cikakke, kowa na yaba amanarsa.

Ba a daɗe ba aka aiko daga rugar Arɗo.

Na isa rugar da safe. Manyan shanun suna kwance, ba sa iya tashi kiwo, harshe ya saluɓe. Amma ba su ne abin kallo ba. A jikin dangwali, doguwar igiyar da ake ɗaure maruƙa, an kwance wasu an jere su a gefe. Ba ƙurji a bakinsu, ba komai. Sun sha nono da yamma suna tsalle, gari ya waye sun sandare. Matan ruga suna zaune da ƙorai a kife. Wata saniya ta ja jiki da gwiwa har inda ɗanta yake tana lasarsa da wannan harshen. Cutar ta riga ta tsallaka rugar maƙwabta, don mashayarsu ɗaya.

Arɗo bai ce mini Kaɗo ba a ranar. Ya ce, "Malam, wancan karon ɓoye su na yi suka mutu. Wannan karon fito da su na yi." Ya juya fuskarsa.

Likitar nan ta zo, don ta ji rasuwar a makare, ta haɗa ta'aziyya da aiki. Ni na riƙe mata kan saniya tana yankar fatar harshe. Arɗo ya tambaye ta ina amfanin allurar bara. Ba ta yi masa kwana-kwana ba. Ta ce ƙarfin allurar boru ba ya daɗewa, kuma mai yiwuwa wannan wani ɗan dangin ne daban, ba za ta sani ba sai an gwada, gwajin kuma yana ɗaukar lokaci. Ta ce waɗannan dai sai jinya da haƙuri. Sannan ta dube ni ta ce, "Baba, duk wadda ta sha ruwa a komin nan kada ta taka kasuwa, ko da kuwa tana tsalle. Suna raba cutar tun kafin ta nuna a jikinsu."

Ranar Alhamis bayan la'asar ɗan Yaya ya yi sallama a gidana. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa har ƙasa, ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo.

"Baffa, na yi kuskure. Da na ji maganarka da ba a kai ga haka ba. Ka yafe mini."

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Na ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya.

Bai tashi ba. Ya ɗan matso. "Nawa har yanzu lafiyarsu ƙalau, guda ɗaya ce ta fara tanɗar baki jiya. In suka kwanta za su rame, su zama ba a bakin komai ba, ga yara a makaranta, ga Umma. Gobe Juma'a." Ya rage murya. "Kai ka san yadda ake yi, Baffa."

Ashe neman gafarar ma dillali aka zo nema.

"Ba zan yi ba, ɗana. Kuma kada ka kai su. Ka je ka ga rugar Arɗo tukuna."

"Ka yi wa bare shekara da shekaru, ɗan yayanka ne ba za ka yi wa ba?"

"Shi ya sa."

Ya miƙe ya sa takalminsa. "Ai ba kai kaɗai ne dillali a Wudil ba."

Na daɗe rabona da shiga Kara, amma ranar Juma'a da hantsi na ɗauki sandata na tafi. Kasuwa ta cika, shanu daga ko'ina, ƙaho na gugar ƙaho, numfashi na haɗuwa da numfashi. Ban sha wuyar gano su ba. Suna tsaye a cunkushe, mai ciwon a tsakiya, baki fes, kofato shafe da taɓo. Aiki ne mai kyau. Na san hannun da ya yi shi, don ni na koya masa.

Na hau tudun da ake lodin tirela. Muryata ba ta da ƙarfin da, amma dillali ba ya manta yadda ake sa kasuwa ta juyo.

"Jama'a! Waɗancan shanun na gefen rijiya, na gidanmu ne, na marigayi yayana! Boru ne da su! An wanke musu baki ne! Wanda ya saya ya sayi mutuwar maruƙansa!"

Wurin ya ɓarke. Masu saye suka ja da baya, masu shanun kusa suka shiga dukan nasu suna nesanta su. Wani dillali ya ɗaga murya, "Kai jama'a, kura ta zama limamiya!" Aka yi dariya. Wani ya ce tsufa ne ya taɓa ni, wani ya ce hassadar gado ce. Ma'aikatan lafiyar dabbobi na kasuwa suka zo suka buɗe bakin ta tsakiyar, suka ga abin da ke ƙarƙashin harshe, suka sa aka ware su duka.

Ɗan Yaya yana tsaye bai motsa ba. Da na sauko ya matso kusa da ni, a hankali yadda ba mai ji, ya ce, "A gaban duniya, Baffa?" Idonsa irin na ubansa ne.

Sai a lokacin na ƙirga su da ido, na ga babu bijimai biyu, manyan da suka fi kyau. Na tambayi dillalin. Ya ce tun da sassafe aka sallama su, an loda, motar ta tashi. Na ja ƙafa har bakin titi. Na tambayi 'yan kamasho inda ta nufa. Ɗaya ya ce Kudu. Ɗaya ya ce ai irin waɗannan suna tsayawa a kasuwannin hanya ana sauke wasu.

Daga ranar ɗan Yaya bai sake taka gidana ba. A sadakar arba'in na zauna a tabarmar waje tare da baƙi, aka miƙo mini gumba kamar kowa. Arɗo bai zo ba, an ce ya tashi da abin da ya rage masa. Sakamakon gwajin har yau ba mu ji ba.

Ya Allah, bawanka ya zo maka da hannun da ya tsufa a bakin dabbobin bayinka. Ka yalwata masa kabarinsa, ka sanyaya masa makwanci, kada ka tambaye shi abin da muka aikata da dukiyarsa, don ya faɗa, mu ne ba mu ji ba. Ka shirya tsakanina da ɗansa kafin a ɗauke ni.

A wani gari da ban san sunansa ba, akwai mutumin da ya ɗaure bijimin yayana kusa da maruƙansa, ya shiga gida yana gaya wa iyalinsa ya yi sayayya mai kyau. Shi ma ina sa shi a addu'a.